Allurar riga-kafi a hannun likitan haƙori: abin da ke sa iyaye jan ƙafa, da darasin da ke ciki ga yankinmu

A makon ƙarshe na watan Afrilun kowace shekara, lokacin makon riga-kafi na Afirka, jawaban ministoci da na wakilan hukumar lafiya ta duniya OMS kusan iri ɗaya ne: yara nawa aka yi wa allura, yara nawa suka rage. Akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali ita ce ke sa uwa ta miƙa ɗanta ko ta ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Wane ne ke riƙe da allurar? Wa kuma ya yi mata bayani kafin a zo?

A Amurka da Faransa da Japan, wannan tambaya ta faɗo kan likitocin haƙori. An ba su dama su yi allurar riga-kafi, an kuma nemi su riƙa yi wa masu zuwa wurinsu bayani a kanta. Jama'a ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. Dalilan da suka bayar sun cancanci nazari daga wurinmu, mu Hausawan Garwa da Marwa, da na Njamaina, da na zangon Kumasi da unguwannin Sudan, domin da yawa daga ciki ba baƙi ba ne a gidajenmu.

Yadda maganar ta faro

A Amurka kowace jiha ke tsara aikin da likitan haƙori zai iya yi. Jihohin Minnesota da Illinois ne suka fara buɗe ƙofa, suka yarje musu yin allurar riga-kafin mura ga manya kawai. A watan Mayun 2019 jihar Oregon ta wuce su: ta kafa dokar da ta ba likitan haƙori damar yin allurar riga-kafi ga babba da yaro, muddin ya sami horo na musamman. Ita ce jiha ta farko da ta yi haka.

Sai annobar korona ta zo ta hanzarta komai. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayyar Amurka ta yarje wa likitocin haƙori da ɗalibansu su yi allurar korona a duk faɗin ƙasar. A Faransa, wata dokar gwamnati ta ranar 26 ga Maris 2021 ta sa likitocin haƙori, har da likitocin dabbobi, cikin masu iya yi wa mutane allurar. A Japan, inda doka ta keɓe wannan aiki ga likitoci da ma'aikatan jinya, ma'aikatar lafiya ta sassauta a watan Afrilun wannan shekarar, ta ce likitan haƙori na iya yi a inda ma'aikata suka yi ƙaranci.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjoji masu ƙarfi. Ta farko ita ce ƙwarewar hannu. Mutumin da kullum yake soka allurar kashe zafi a can ƙarshen muƙamuƙi, kusa da jijiya, cikin bakin da ke motsi da yawu, allura a dantse ba za ta gagare shi ba. Ya kuma koyi abin da ake yi idan jikin mutum ya ƙi karɓar magani nan take.

Ta biyu lissafi ne. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 27 a ƙasar na zuwa wurin likitan haƙori a shekara ba tare da sun ga wani likita ba. Ga waɗannan mutane, kujerar likitan haƙori ce kaɗai inda suke haɗuwa da ma'aikacin lafiya.

Ta uku ita ce ƙwayar cutar HPV. A wajenmu an fi saninta da haddasa sankarar bakin mahaifa. Amma ita ce kuma ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na sankarar maƙogwaro a Amurka, kuma a can wannan sankarar ta riga ta zarce ta bakin mahaifa yawa a cikin cututtukan dajin da HPV ke kawowa, ta fi kuma kama maza. Likitan haƙori shi ke duba harshe da ganɗa da maƙogwaro. A ganin ƙungiyarsu, wadda tun 2018 ta fito fili ta goyi bayan riga-kafin HPV, bai dace a ce mai ganin cutar ba shi da ta cewa kan hanyar kare ta ba.

Abin da iyaye suka ce

A takarda hujjojin sun zauna daidai. A wurin iyaye kuwa labarin ya sha bamban. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2016, aka wallafa a mujallar kimiyya ta Vaccine a 2018, ya tambayi iyaye fiye da 1,200 masu 'ya'ya 'yan shekara 11 zuwa 17. Kashi 23 cikin 100 ne kawai suka ce hankalinsu zai kwanta idan likitan haƙori ya yi wa ɗansu ko 'yarsu allurar HPV. Ko ɗaya cikin huɗu bai cika ba.

Abin lura shi ne dalilan. Kashi 61 cikin 100 sun ce sun fi son likitan da ya saba duba yaron shi ya yi allurar. Kashi 58 sun ce suna son wannan likitan ne ya riƙe lissafin alluran da aka yi da waɗanda suka rage. Kashi 30 kuma damuwarsu ita ce ko inshorar lafiya za ta biya. Ashe babbar damuwar iyayen nan ita ce sabo da rajista. Suna son mutum ɗaya wanda ya san yaron tun yana goye, wanda in wani abu ya taso za a koma wurinsa, wanda kuma ba zai bari a maimaita allura ko a tsallake ta ba.

Binciken ya nuna wasu abubuwa biyu. Iyayen 'ya'ya mata sun fi na 'ya'ya maza ɗari-ɗari. Sannan waɗanda suka fi amincewa da likitan yaransu su ne suka fi yarda likitan haƙori ya yi allurar. Wannan na biyun ya ja hankalina ƙwarai. Ma'anarsa ita ce amana ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya ji daɗin hannu ɗaya a cikin harkar lafiya, yakan yarda da na gaba. Wanda kuma aka taɓa wulaƙanta ko aka cuta a wani ɗaki na asibiti, zai shiga sauran ɗakunan da zargi.

Dole a tuna cewa an yi wannan bincike kafin dokar Oregon, kafin kuma korona, lokacin da kusan babu Ba'amurken da ya taɓa ganin likitan haƙori da allurar riga-kafi a hannu. Mutum ba ya saurin yarda da abin da bai taɓa gani ba. Misalin Faransa ya nuna yadda sabo ke aiki. A 2017 aka fara gwajin barin masu farmasi su yi allurar mura a yankuna biyu kacal. A 2019 aka faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya. A 2023 aka ba su damar rubutawa da yin yawancin alluran da ke cikin jadawalin ƙasa ga 'yan shekara 11 zuwa sama. Yau Bafaranshe ya shiga farmasin unguwa ya ɗaga hannun riga ba abin mamaki ba ne. Kuma wannan a ƙasar da wani babban binciken gidauniyar Wellcome na 2018 ya gano cewa mutum ɗaya cikin uku bai yarda riga-kafi ba shi da haɗari ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa da aka tambaya. Saboda haka masu ɗauka cewa shakkar riga-kafi ciwon talakan Afirka ne da bai yi boko ba, sai su sake lale.

Su ma likitocin haƙorin ba duka ne suka yi murna ba. Yawancin alluran riga-kafi sai an adana su cikin sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai wuce 8 ba, dare da rana. Ana bukatar firiji na musamman, da mai lura da shi, da shigar da kowace allura a rajistar hukuma, da hanyar karɓar kuɗi daga inshorar da ta raba haƙori da sauran jiki. Ga kuma nauyin baki: uwa ta kawo 'yarta mai shekara 11 a cike mata ramin haƙori, sai likita ya ɗauko zancen ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ba kowa ke iya buɗe wannan hira ba.

Shi ya sa masu nazarin lamarin ke raba shi gida biyu. Akwai yin allurar, akwai kuma yin bayani da tura mutum inda ake yi. Na biyun ya fi sauƙi ga likita, ya fi kuma saurin shiga zuciyar iyaye.

To, mu fa?

Wanda ya ɗauko wannan muhawara ɗungurungum ya dire ta a Garwa ko Damagaram zai sha dariya, kuma da gaskiyar masu dariyar. Alƙaluman OMS sun nuna cewa tsakanin 2014 da 2019 yankin Afirka na da likitocin haƙori 3.3 ga kowane mutum 100,000, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya. Ƙalilan ɗin da ake da su ma sun taru a Yawunde da Duwala da Yamai da Njamaina da Akara. Hukumar ta ce kimanin kashi 44 cikin 100 na mutanen yankin na fama da wata cuta ta baki ko haƙori. Likitan da layin masu kumburarren kunci ke jiransa tun asuba, ba shi za a ƙara wa aikin allura ba.

Hujjar miliyan 27 ma ba ta aiki a nan. A Amurka mutum na zuwa a duba masa haƙori lafiyarsa ƙalau, sau ɗaya ko biyu a shekara. Mu kuwa sai ciwo ya hana barci, an gwada kanumfari, an kurkure da ruwan gishiri, an sha ƙwayar mai tebur, sannan a nemi likita. Mai riƙe da kunci yana nishi ba shi da kunnen jin wa'azin riga-kafi. Babu kuma wanda ke ganin likitan haƙori a kai a kai amma bai san hanyar asibitin unguwa ba. Hannun da ke yi wa yaranmu allura hannun majo ne da ma'aikatan jinya da ungozomomi a cibiyoyin CSI, ƙarƙashin shirin riga-kafi na ƙasa da ake kira PEV. Nan ne ƙarfin yake, nan ne kuma ya kamata kuɗi da firiji su tafi.

Akwai wani haɗari ma da ƙasashen Turai ba su da shi. A kasuwanninmu akwai masu cire haƙori da ba su taɓa shiga aji ba, da akwatinsu da filayarsu. Talaka kan kira su likita. Ranar da aka ji a rediyo cewa likitan haƙori na iya yin riga-kafi, ba za a rasa wanda zai sayo kwalabe ya rataya allo ba. Wannan ba hasashe ba ne a yankin da ya riga ya ga jabun riga-kafi. A 2015, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 500 a Nijar, OMS ta fitar da gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da ke yawo a ƙasar. An sake samun irin haka a 2019. Duk wani sabon hannu da za a ba allura, sai an tabbatar da inda kwalbar ta fito.

Amma bakin yaro na faɗin abubuwa da yawa

Duk da haka, watsar da zancen gaba ɗaya kuskure ne, domin rabinsa na biyu, wato bayani, ya fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka fara shi. Dubi cututtukan da riga-kafi ke karewa, ka ga nawa ne ke fara bayyana a baki.

Ƙyanda, wadda wasu ke ce wa baƙon dauro, a Nijar kuma dusa, tana fitar da 'yan fararen ɗigo a cikin kumatu kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su feso a jiki. Mashaƙo na shimfiɗa wata fata mai launin toka a maƙogwaro, ta toshe numfashi. Wannan cuta ta dawo da ƙarfi a Kano daga ƙarshen 2022, ta kuma ɓulla a Matamaye cikin jihar Damagaram a 2023, galibi a jikin yaran da ba su sami alluran jarirai ba. Tetanus kuwa sunanta na Hausa ya isa shaida: sarƙe-haƙora. Ciwon hanta nau'in B na iya wucewa daga mutum zuwa mutum ta ƙarfen cire haƙori ko askar da ba a tsabtace ba.

Mafi muni a cikinsu shi ne ciwon noma, wanda ake kira zaizayar baki. Yana farawa da kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci da leɓe har ƙashi. In ba a yi magani ba yana iya kashe tara cikin goma. Babu allurar riga-kafinsa, amma an san abokan tafiyarsa: tamowa, rashin tsabtar baki, da wata cuta da ta riga ta raunana yaron, sau da yawa ƙyanda. Wato allurar ƙyanda da aka yi wa yaro a wata tara na daga cikin abubuwan da ke tsare masa fuska. Ranar 15 ga Disambar 2023 OMS ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Asibitin yara masu noma na Sakkwato, da aka buɗe a 1999, da cibiyar ƙungiyar Sentinelles a Damagaram, sun shafe shekaru suna karɓar yaran da yawancinsu Hausa suke ji.

Ma'aikacin da ke leƙa bakin yaro, likitan haƙori ne ko mataimakinsa, yana da hujjar da ba kowa ke da ita ba idan ya tambayi uwa: ina katin riga-kafinsa? Ba ya bukatar firiji don ya yi wannan tambaya. Minti biyu ne, da sanin ranar da ake allura a CSI mafi kusa.

Sannan akwai wanda ya riga kowane likita shiga bakin jariranmu, wato wanzami. Shi ke zuwa askin suna, a wurare da yawa shi ke cire beli, shi ne kuma ake kira ya cire haƙorin da ya addabi mutum a ƙauye. Likitoci na adawa da cire beli saboda zubar jini da tetanus, kuma suna da gaskiya. Amma a jihar Sakkwato an gwada wata dabara: aka horar da wanzamai su riƙa ba iyayen jarirai katin turawa asibiti don alluran haihuwa. Sakamakon da aka wallafa ya nuna cewa iyayen da suka karɓi kati daga hannun wanzami sun fi kai jariransu. Ba a ba wanzami allura ba. An yi amfani da shigarsa gida da jin maganarsa da maigida ke yi. Da ɗan gari akan ci gari.

Tabon da bai warke ba

Ba za a fahimci yadda Bahaushe ke kallon allura ba sai an koma Kano. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 sun mutu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, ya ce cutar ce ta yi kisan, amma a 2009 ya cimma sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Trovan ba riga-kafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Talaka bai raba su ba, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A 2003 jita-jitar cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa ta sa Kano ta dakatar da shi kusan shekara guda. Cutar ta tsallaka iyaka, ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, ciki har da Kamaru da Cadi da Ghana da Benin da Togo da Sudan, ta dangana da Yaman da Indonesiya. Mu da ke zaune a waɗannan ƙasashe mun biya kuɗin shawarar da ba a yi da mu ba. Abin da ya warware rikicin shi ma darasi ne. An kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. A 2004 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Daga baya sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, suka shiga aikin gadan-gadan. Ɗigon bai sauya ba. Bakin da ke maganarsa ne ya sauya. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Kamaru ta ga irin wannan da riga-kafin HPV. Da aka shigo da shi a 2020, ana cikin ruɗanin korona, ya gamu da turjiya daga iyaye da wasu shugabannin addini, har wani babban limamin cocin Katolika ya hana yin sa a makarantu da asibitocin da ke ƙarƙashinsa. A 2023 hukumomi suka koma allura ɗaya, suka kuma haɗa da yara maza, wanda ya rage ƙarfin tambayar da kowa ke yi: me ya sa sai 'yan mata?

Na ga wannan da idona a makarantar da nake koyarwa. Wata safiya labari ya bazu cewa masu allura na tafe. Kafin ƙarfe goma iyaye sun cika bakin ƙofa, kowa na kiran tasa. Wani dattijo da nake girmamawa ya ja ni gefe ya ce: "Malam, kai ka yi karatu, kuma kai namu ne. Tsakaninka da Allah, in 'yarka ce za ka bari?" Na ce masa zan bari, Baba, na kuma yi masa bayanin abin da na sani game da sankarar bakin mahaifa, wadda ta kashe mata kusan 350,000 a duniya a 2022, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Ya yi shiru, sannan ya ce ai babu wanda ya taɓa faɗa masa haka da Hausa. Takardar da aka aiko gida da Faransanci take, kuma yarinyar da za a yi wa allurar ita aka sa ta karanta masa.

Matsalar da ta fi shafar mu 'yan tsiraru

Wannan magana ta dattijon ita ce inda muhawarar Amurka ta haɗu da tamu. Bahaushen Kano ko Maraɗi na jin sanarwar riga-kafi da harshensa. Na arewacin Kamaru kan ji ta da Faransanci ko Fulatanci. Na Cadi da Sudan da Larabci. Na Ghana da Turanci ko Tuwi. Maza 'yan kasuwa na jin waɗannan harsuna, amma wadda ke ɗaukar yaro zuwa asibiti, ko kakar da ke da ikon cewa a'a, ba lallai ta ji su sosai ba. Inda sanarwar hukuma ba ta kai ba, saƙon murya na WhatsApp ya riga ya kai, kuma shi da Hausa yake zuwa, tsab, daga bakin wanda ya iya magana.

Sai batun rajista, wanda ya dami kashi 58 na iyayen Amurka. Namu ya fi nasu tsanani. An haifi yaro a Garwa, an yi masa alluran farko da karne na Faransanci. Uwar ta tafi wankan gida Mubi ko Yola, inda katin na Turanci ne. Bayan shekara iyalin sun koma Njamaina. Jadawalin ƙasashen ba ɗaya ba ne, kuma sababbin allurai na shigowa a lokuta mabambanta. Riga-kafin zazzaɓin cizon sauro misali ne: Kamaru ta fara sa shi cikin alluran yau da kullum ranar 22 ga Janairun 2024, Nijar da Cadi da Sudan da Najeriya suka biyo baya a watannin ƙarshe na shekarar, kowacce a zaɓaɓɓun yankuna, kuma sai an yi shi sau huɗu. Yaron da ya karɓi biyu a wannan gefen iyaka, wa zai tuna masa da sauran a wancan gefen? A irin wannan hali, ƙara yawan masu yin allura ba tare da gyara rajista ba zai ƙara ruɗani ne kawai.

Abin da ya kamata a yi

A ganina ƙasashenmu ba sa bukatar dokar Oregon a yanzu. Abin da suke bukata ya fi arha.

Makarantun da ke horar da likitocin haƙori, irin na Dakar da Abidjan da Bamako da Yawunde da Kano, su sa jadawalin riga-kafi da dabarun yi wa iyaye bayani cikin darasi, yadda tambayar kati za ta zama al'ada kamar tambayar inda ke ciwo. A ɗaya gefen, a koya wa masu yin allura a CSI su buɗe bakin yaro su duba dasashi, domin sun fi likitocin haƙori yawa nesa ba kusa ba, kuma noma da aka gano da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau na tsayar da shi. Wannan ya dace da ƙudurin da babban taron OMS ya zartar a 2021, wanda ya nemi a shigar da lafiyar baki cikin kiwon lafiya na matakin farko.

A lokacin annoba, sa'ad da ake son yi wa dubban mutane allura cikin 'yan kwanaki, kamar yadda ake yi da sanƙarau, babu laifi a kira likitocin haƙori masu rajista su taimaka, kamar yadda Faransa da Japan suka yi. Sharaɗin shi ne a cibiyar hukuma, da maganin hukuma, a rubuta a katin hukuma. Kada a bar wata kafa da mai akwati a kasuwa zai fake da ita.

Ma'aikatun lafiya na Kamaru da Cadi da Ghana da Benin su san cewa fassara sanarwa zuwa Hausa ba alfarma ba ce ga wata ƙabila. Cuta ba ta tsayawa a zango. Mu ma akwai namu aikin: sarakunan Hausawa, limamai, ƙungiyoyin mata, da mu malaman makaranta. Cikin 'ya'yanmu akwai ma'aikatan jinya, akwai masu farmasi, akwai ɗaiɗaikun likitocin haƙori. A gayyace su su zauna da iyaye bayan la'asar, a yi tambaya a ba da amsa, har da tambayoyin da ake jin kunyar yi a asibiti. A faɗi gaskiya cewa allura na iya kawo zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu da kumburin wurin, a kuma faɗi inda za a je idan abin ya wuce haka. Uwar da aka ce mata babu komai, sannan yaronta ya kwana da zafin jiki, ba za ta dawo allura ta biyu ba.

'Yan uwanmu da ke zaune a Faransa ko Amurka kuwa, idan likitan haƙori ya ɗauko muku zancen riga-kafin HPV, bai wuce gona da iri ba, aikinsa ne. Ku tambaye shi duk abin da kuke so, ku kuma tabbatar an rubuta abin da aka yi a littafin lafiyar yaron.

Dattijon nan ya kawo 'yarsa da kansa bayan kwana biyu, ya tsaya har aka gama, ya karɓi katin ya ninke ya sa a aljihun gaba. Bai tambayi takardar shaidar wadda ta yi allurar ba. Abin da ya tambaya shi ne sunanta, da inda zai same ta idan yarinyar ta yi zazzaɓi.